Murar da ke kwantar da mutum: abin da gida zai iya yi, da inda ikonsa ya tsaya

Da hazo ya sauka kowane gida ka leƙa tari ne da atishawa, yara na jan majina manya murya ta dishe, a masallaci liman na karatu ana tari sahu-sahu, kuma duk wanda ka yi wa ya jiki amsarsa ɗaya ce, mura ce kawai. Toh eh mura ce, amma iri biyu muke haɗawa. Akwai ƙaramar wadda take lallaɓowa a hankali, yau maƙogwaro na ƙaiƙayi gobe hanci ya toshe, mutum na fama da hankici amma yana zuwa kasuwarsa yana cin tuwonsa. Akwai kuma babbar, wadda likitoci ke kira infuluwenza ko fulu, ita wannan ba ta sallama, da safe kana lafiya kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ka, sanyi na kaɗa ka, kai kamar zai tsage, gaɓoɓi da baya da cinyoyi duk ciwo, ga busasshen tari ga kasalar da ko tashi zuwa bayi sai ka yi shawara da kanka. A kan wannan ta biyun nake son mu tsaya, duk da dai yawancin abin da zan faɗa ya shafi dukkansu.

Abin da ke kawo ta ƙwayar cuta ce ta bairos, nau'in A da B su ne ke zagayowa duk shekara, kuma daga mutum zuwa mutum take bi, ta feshin tari da atishawa da hannun da aka share hanci aka miƙa aka gaisa. Shan ruwan randa ko wanka da asuba ko kwana gaban fanka ba su ke haifar da ita ba, abin da hunturu ke yi shi ne ya busar da hanci da maƙogwaro, ƙura ta ƙara tsatstsage su, sannan ya tara mu a ɗaki ɗaya an rufe taga an toshe ko'ina, shikenan mutum ɗaya ya shigo da ita kowa ya samu rabonsa. Kuma a ƙasashenmu ba a hunturu kaɗai take yawo ba, da damina ma ana yinta sosai. Daga ɗauka zuwa bayyana kamar kwana 2 ne, yana iya zama 1 yana iya kaiwa 4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara wajen mutum biliyan 1 ke kamuwa da ita, miliyan 3 zuwa 5 ta yi musu tsanani, sannan tsakanin 290,000 zuwa 650,000 su rasu ta dalilin matsalar numfashi. Ita ce kuma annobar 1918 da ta shigo Legas ta jirgin ruwa ta biyo layin dogo har arewa ta yi ɓarna mai yawa. Ban kawo wannan don tsoratarwa ba, yawancin mutane masu ƙarfin jiki cikin mako ɗaya suke miƙewa ba tare da sun ga likita ba. Na kawo ne don a daina raina ta in ta kama tsoho ko jariri ko mai ciki.

Kafin a ce komai kan citta da zuma, akwai abin da ya zama dole a wurinmu wanda mutumin Ingila ko Amurka bai damu da shi ba, wato maleriya. Zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, rawar sanyi, ɗacin baki, duk alamun fulu ne kuma duk alamun zazzaɓin cizon sauro ne, ba wanda zai kalle ka da ido ya rantse wanne ne, ko likita. Hanci mai zuba da tari da ciwon maƙogwaro suna karkata zuwa mura amma ba hujja ba ce tunda mutum na iya haɗa biyun a lokaci guda. Don haka in zazzaɓi ya zo a je a yi gwajin nan na ɗigon jini a ɗan yatsa, minti 15 zuwa 20 an gama, akwai shi a ƙananan asibitocin unguwa da kemis da yawa. In ya nuna maleriya a sha maganinta cikakke na kwana 3, in bai nuna ba a bar maganin maleriya irin su Coartem ya huta. Mutane da yawa na shan maganin maleriya kan mura, bayan kwana uku su ji sauƙi su ce ai ga shi ya yi aiki, alhali murar ce ta kai lokacin saukarta da kanta.

Yanzu maganar da ta fi damuna, haɗin kemis. Ka je ka ce mura da zazzaɓi, a ɓallo maka ƙwayoyi kala biyar ko shida a ƙulle a leda, safe rana dare, ba suna ba kwali ba ka san me ka haɗiya ba. Wallahi wannan ya fi murar haɗari a lokuta da dama. Ɗauki farasitamol, wanda shi ne ainihin abin da mai mura ke buƙata don zazzaɓi da ciwon jiki. Babba yana shan ƙwaya 1 ko 2 masu miligiram 500, a bar tazarar awa 4 zuwa 6, kuma kar a wuce ƙwaya 8 a awa 24, wato giram 4. Wuce hakan hanta yake ci, kuma a ɓoye yake ci, ranar farko ba lalle mutum ya ji wani abu sosai ba sai bayan kwana biyu ko uku. Matsalar ita ce Panadol farasitamol ne, Procold akwai farasitamol a ciki, Mixagrip ma haka, sai mutum ya sha Panadol biyu ya ɗora Procold ya kuma kora da abin da ke cikin ledar haɗi, a tunaninsa magani uku daban-daban ya sha, ashe abu ɗaya ya ninka. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa. Su waɗannan magungunan mura na haɗe kuma suna ɗauke da sinadarin buɗe hanci wanda ke iya ɗaga hawan jini, da wani mai sa barci, saboda haka mai hawan jini ya tambaya kafin ya sha, direba da ɗan adaidaita kuma su sani cewa zai iya sa su gyangyaɗi a kan titi.

Yara kuwa da nauyinsu ake auna musu, kusan miligiram 15 a kowane kilo, ba fiye da sau 4 a yini da kwana ba, kuma da murfin awo ko sirinjin da ya zo da kwalbar, ba cokalin shayi ko ludayi ba. Asfirin kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 in yana mura ko ƙaranbau, yana iya jawo wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta, ba ta da yawa amma tana kisa. A tuna garin Alabukun asfirin ne da kafeyin, shi ma ba na yara ba ne. Ibufurofen yana taimakawa ciwon jiki sosai amma mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciki, da wanda asmarsa ke tashi da irinsa su bar shi, sauran ma su ci abinci tukunna.

Sai antibayotik, su amoksilin da Ampiclox da Septrin da kafso ja da rawaya. Waɗannan bakteriya suke kashewa, wato wani nau'in ƙwayar cuta daban, bairos ko gezau. Shan su kan mura ba ya rage ko kwana ɗaya, sai dai ya ba ka gudawa ko ƙuraje, ya kuma koya wa ƙwayoyin cutar da ke jikinka yadda za su jure maganin, ranar da ciwon huhu na gaske ya zo a ba ka shi ya ƙi ci. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ba shi ke nuna ana buƙatarsu ba, haka take yi a kwana na uku na huɗu ko da ba a sha komai ba. Haka ma allura da ƙarin ruwa, mun ɗauka in ba a tsira mana allura ba ba a yi mana magani ba, alhali wanda ke iya sha da bakinsa ba shi da buƙatar a rataya masa leda. Akwai lokacin da antibayotik ke zama dole, in mura ta buɗe ƙofa ciwon huhu ko ciwon kunne mai ruwa ya shigo, amma wannan hukuncin na wanda ya sa abin awo a ƙirjinka ne.

Toh in an cire duk waɗannan me ya rage? Abin da ya rage shi ne ainihin jinyar, kuma ba shi da tsada. Na farko kwanciya. Na san mai neman na yau da kullum zai ce in na kwanta wa zai ciyar da gidan, gaskiya ne kuma ba ƙaramar magana ba ce, amma kwana biyu ko uku na farkon nan da zazzaɓi ke kai, fita cikin rana da ƙura na iya ƙara wa jiki wahala, ga kuma raba wa mutane. Uwar gida ma haka, ita ce aka fi zalunta a nan, tana rawar sanyi tana gaban murhu hayaƙi na shiga ƙirjinta, maigida da manyan yara da makwabta a karɓe mata girkin nan na kwana biyu don Allah.

Na biyu ruwa. Zazzaɓi da gumi da numfashi ta baki suna ƙarar da ruwan jiki, ga iskar hunturu busasshiya, kuma mara lafiya ba ya jin ƙishi sosai sai an matsa masa. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini, ruwan ɗumi, shayi mara kauri, kunun tsamiya, koko, romon farfesu, lemun zaƙi, kankana. Ma'aunin mai sauƙi ne, a duba fitsari, in ya yi ja ya yi kaɗan ruwa bai isa ba. In akwai amai ko gudawa, wanda yara kan yi da fulu, a haɗa ruwan gishiri da suga na leda, in babu a dama cokalin shayi 6 na suga a shafe da rabin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsafta. Jariri mai shan nono a ƙara masa yawan shayarwa, ko uwar ce ke murar kar ta daina, ta wanke hannu ta rufe hanci da baki ta ba shi. Abinci kuwa ba dole sai an cika ciki ba, ɗan fate, ɗan kunu, abin da rai ya karɓa. In azumi ne kuma zazzaɓi ya yi zafi addini ya ba mara lafiya rangwame ya sha ya rama, haka alwala a ɗumama ruwa.

Kayan haɗinmu na gida, citta da kanumfari da masoro da lemun tsami da na'a-na'a da tafarnuwa, ra'ayina a kansu shi ne a sha, suna ɗumama maƙogwaro suna sassauta majina suna sa mutum ya sha ruwa da yawa ba tare da ya gundure shi ba, wannan kaɗai babban amfani ne. Abin da ba zan ce ba shi ne suna kashe ƙwayar cutar, jiki ne ke wannan aikin da kansa. Kuma a yi sassauci, wasu na zuba citta da masoro da barkono har sai hawaye ya zubo wai a ƙona murar, mai olsa ya yi haka ya tashi da ciwo biyu. Zuma ita ce ta fi samun goyon bayan bincike a cikinsu, cokali ɗaya kafin barci na rage tarin dare har ga yara, sai dai sharaɗi ɗaya mai ƙarfi, ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma ko ɗigo, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba ta shanye masa jiki. Maƙogwaro in yana zafi a kurkure da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin cokalin gishiri, a kai shi can ciki a zubar, sau uku ko huɗu a rana.

Toshewar hanci ita ke hana barci. A ɗaga kai da filo biyu, a ɗiga ruwan gishirin hanci da ake sayarwa a kemis, shi ne ma ya fi dacewa da jarirai kafin a ba su nono don su iya tsotsa suna numfashi. Sirace yana ba babba sauƙi na ɗan lokaci, ban hana ba, amma yaro kam a'a, yara da yawa sun ƙone da tafasasshen ruwa a ƙarƙashin bargo garin sirace, sauƙin minti goma bai kai tabon rayuwa ba. Man zafi irin su Robb a shafa a ƙirji da baya, ba a cusa shi cikin hanci, ba a lasa, ba a jefa shi a shayi, kuma ba a shafa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 2, kafur ɗin da ke ciki in ya shiga cikin yaro yana iya sa shi jijjiga.

Akwai kuma al'adar lulluɓe mai zazzaɓi da bargo uku wai ya yi gumi ciwon ya fita. Lokacin da yake rawar sanyi a rufa masa daidai, amma da jiki ya ɗau zafi a rage kaya, musamman yaro, a goge shi da tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba mai ƙanƙara ba. Sannan kaskon gawayi a ɗaki a rufe, wannan ina roƙo da babbar murya a bari. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da kasala, kun ga kenan alamunta ma irin na mura ne, mutane su kwanta suna cewa murar ce ta kama gida duka, a wayi gari a fasa ƙofa. In za a ɗumama ɗaki a yi kafin kwanciya a fitar da kaskon a bar taga a ɗan buɗe, janareta ma a nisanta shi da taga.

Maganin tari na kwalba ba shi da wani tasiri mai yawa kan tarin mura, ga yara ƙanana ma ba a so a ba su sam sai da umarnin likita. Mai kodin a ciki gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da sarrafa shi tun 2018 bayan an ga yadda ya cinye matasa maza da mata a arewa. A 2022 kuma yara kusan 70 suka rasu a Gambiya da ciwon ƙoda bayan shan wasu magungunan tari da mura na ruwa da suka gurɓata. Duk kwalbar da ba lambar NAFDAC ko ta wuce wa'adi ko ta sha rana a faranti a tasha, a bar ta. Haka in tari ko ciwon wuya ya daɗe kar a ce belu ne a kira wanzami, yankan nan na jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, kuma belun ba shi ya kawo tarin ba.

Rabin jinyar mura a gida sa ido ne, kuma a wurin yara numfashi ake kallo fiye da zafin jiki. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru ba kuka yake ba, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga a minti ɗaya cif da agogon waya. Jariri ƙasa da wata 2 in ya kai 60, daga wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, wannan numfashi ya yi sauri kuma alamar ciwon huhu ce, asibiti a ranar. In ƙasan haƙarƙarinsa na lomawa ciki duk jan numfashi, ko yana gurnani, ko leɓe ya yi duhu, ko ya ƙi nono ya ƙi ruwa, ko duk abin da ya sha ya dawo, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi ana tashinsa ba ya farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa zafin jiki kawai in ya kai 38 ya isa dalili, ba a yi masa jinyar gida.

Babba shi ma yana da nasa, numfashi na yi masa wuya ko yana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ciwon ƙirji, tari da jini, ruɗewa ko sambatu, fitsari ya ɗauke, zazzaɓin da ya wuce kwana 3 ba ya sauka. Wanda aka fi sakaci da shi shi ne a ji sauƙi kwana biyu sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi tari ya ƙaru, wannan sau da yawa ciwon huhu ne ya biyo baya. Sannan akwai waɗanda tun ranar farko ya kamata su ga ma'aikacin lafiya ba sai sun jira wata alama ba, mai juna biyu da mai jego, tsoho daga shekara 65, mai sikila, mai ciwon suga, mai asma, mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mai cutar da ta raunana garkuwar jiki. Dalili kuwa akwai maganin fulu na musamman, Tamiflu, wanda ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 na farko, kuma irin waɗannan mutanen aka fi ba wa. Mai sikila dai zazzaɓi ko wane iri ne a wurinsa maganar gaggawa ce.

Lokacin hunturu zuwa bazara kuma lokacin wasu cututtuka ne da ke fara kamar mura. Mashaƙo da ta addabi Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022 da ciwon wuya da ɗan zazzaɓi take farawa, a haska maƙogwaron yaro da fitilar waya, in an ga wani farin abu mai toka-toka ya manne ko wuya ya kumbura a ruga. Sanƙarau ga zazzaɓi ga ciwon kai mai tsanani ga wuya ya ƙage haske na damun ido. Zazzaɓin Lassa shi ma da rani ya fi tashi, a jihohi irin su Bauchi da Taraba da Edo da Ondo, zazzaɓi ne da ba ya jin maganin maleriya, da ciwon wuya da amai, wani lokaci jini ko toshewar ji. Ƙyanda ma da mura da jan ido take fara wa yaro kafin ƙuraje su fito. Ga korona har yanzu tana nan. Ba wanda ake so ya zama likitan kansa, ana so ne dai in abin ya sauka daga hanyar murar da aka sani a gane da wuri.

Dubiya abu ne mai lada kuma ba mai son a daina, amma ɗaki ya cika da 'yan sannu ana gaisawa hannu da hannu ana miƙa jariri daga cinya zuwa cinya, haka cutar ke bin gidaje. Mai fulu na iya yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin ya ji alama har zuwa kwana 5 ko 7, yara ma fiye da haka. A yi sannu daga bakin ƙofa ko ta waya, mara lafiya ya ware kofinsa da cokalinsa, ya yi tari a gwiwar hannu ko hankici, a wanke hannu da sabulu, in takunkumi na nan a sa. Kaka da jariri a raba su ɗaki da shi in da hali. Makaranta da islamiyya da jam'i a dakata sai zazzaɓi ya sauka ya yi awa 24 bai dawo ba ba tare da an sha magani ba. Allurar rigakafin fulu akwai ta, duk shekara ake sabunta ta saboda ƙwayar na canza kama, ba ta cikin jerin rigakafin yara na kyauta a Najeriya amma ana samu a wasu asibitoci, kuma Saudiyya na shawartar maniyyata su yi ta kafin Hajji da Umara. Rigakafin yara na yau da kullum kuwa a tabbatar an kammala, cikinsu akwai na mashaƙo da ƙyanda da na ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu bayan mura.

Bayan zazzaɓi ya tafi kasala da tari kan yi saura, mako biyu wani lokaci har uku, in dai kullum raguwa yake ba abin damuwa ba ne, a ci gaba da ruwan ɗumi da zuma a rufe hanci in za a shiga ƙura, mai shan sigari ko shisha ya ajiye. Amma tarin da ya wuce mako 2 ba ya raguwa, ga rama ga gumin dare ga zazzaɓin yamma, wannan a daina kiransa ragowar mura a je a ba da majina a gwada tarin fuka wato tibi, gwajin da maganin duka kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashen tibi.